Ƙafar Ɗan Fari

Ina tsaka da suyar ƙuli-ƙuli ƙarfen majami'a ya fara ƙara, kuma ranar Talata ce. Ba bugun Lahadi ba ne mai tazara, bugu ne na wanda yake sauri. Na sauke kaskon, mai na ta tafasa, na leƙa ta saman dangar da ta raba gidana da na Dattijo Yohanna. Ba kowa. Kokon kununsa na ajiye a bakin ɗaki, ƙudaje sun fara taruwa.

Ko da na isa gindin bishiyar bedin da aka rataya ƙarfen, rabin garinmu Gidan Ƙirya ya riga ni. Dattijo ne da kansa yake bugawa. Shi ne dattijon ikkilisiyarmu shekara ashirin da biyu, kuma da yake fasto sai wata-wata yake zuwa daga Batsari, komai namu a wuyansa yake, daga suna har rikicin iyakar gona. Kusa da shi Sahabi ne tsaye, Bafulatanin da rugarsu ke bayan rafi, wanda shanunsa ke kwana a gonar Dattijo duk bayan girbi. Ko babur ɗinsa bai kashe ba.

"Faɗa musu yadda ka faɗa mini," in ji Dattijo.

Sahabi ya share zufa da bakin rawaninsa. "Mutanen daji suna tafe. Babura sun fi arba'in, a bakin daji suka kwana, wajen Ruma. Kafin la'asar suna nan. Ba shanu suka zo nema ba, garin suke so."

Wata mata ta fasa kuka. Dattijo bai ko dube ta ba, ya juya wajen a-kori-kurar Surajo, direban Safana da ya zo tun safe ɗaukar gyaɗarmu zuwa kasuwa. An riga an loda ta har sama, an ɗaure da igiya.

"Surajo, kwance."

"Dattijo, wannan fa noman shekara ne."

"Na sani, ni na noma. Buhuna goma sha takwas na gefen dama nawa ne, fara da su. Tsofaffi da masu ciki da yara ƙanana su hau. Ka kai su bakin kwalta ka dawo, sawu uku za ka yi."

Buhu na farko ya faɗo ya fashe, gyaɗa ta watsu, awaki suka yo kanta. Ganin nasa ne a ƙasa, ba wanda ya iya buɗe baki a kan nasa.

Sai Ɗanjummai ya ratso taro da bindigar toka a kafaɗa, samari na biye da shi. Shi ne shugaban masu gadin gari, dogo ne, muryarsa irin ta ubansa. Ya tsaya taku biyu daga Dattijo, amma ni ya duba.

"Baba Lami, faɗa wa Dattijo muna da bindiga tara. Mata su tafi, mu mu tsaya. Shugaba ba ya gudu."

Dattijo ma ni ya duba. "Lami, faɗa wa ɗan Marka tara ba ta tare arba'in. Faɗa masa ya bi matan da za su taka a ƙasa, ya tsaya a bayansu har kwalta."

Kada ku yi mamaki, haka suke magana shekara talatin da takwas. Ɗanjummai ɗan farin Dattijo ne, kuma a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya duban idonsa, ba ya taɓa shi. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa Marka, yayar Dattijo, ita ta riƙe shi. Mun karɓi bishara mun bar abubuwa da yawa na kakanni, amma wannan kunyar ba wanda ya bari. Da matar Dattijo ta rasu, saƙonsu ya koma bi ta kaina, don ni ce maƙwabciya. Na sha kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke zaune a tabarma ɗaya.

"Inna fa?" in ji Ɗanjummai. Marka yake nufi. Gidanta ne na ƙarshe ta wajen daji, kuma ita kaɗai ce a garin ba ta taɓa taka majami'a ba. Tana nan da tukwanenta na iskoki a gindin tsamiya. "Na je, ta ce ba inda za ta."

"Faɗa masa ni zan kawo ta."

"A baya? Ka tsaya a baya su same ka?" Wannan karon bai bi ta kaina ba, ya dai faɗa wa iska.

"Lami, faɗa masa ni nake fita ƙarshe. Ba yau aka fara ba, ko daga sujada ni nake rufe ƙofa."

Muka kama hanya. Ba zan manta tafiyar nan ba. Dawa ta yi tsayi ta rufe hanyar ƙafa, ba ka ganin abin da ke gabanka, ba ka ganin na baya. Kowace kara ta motsa sai gabanka ya faɗi. Blessing, matar Ɗanjummai, tana goye da ɗaya tana jan ɗaya. Ni abin da na ɗauko, sai da muka yi nisa na lura: zanina biyu, da daron majami'a a kaina. Farin daro ne mai jan baki, wanda Dattijo ke wanke mana ƙafa a ciki duk Alhamis ɗin makon Ista. A ɗakina ake ajiye shi. Na bar tukunyata da buhun gerona na ɗauko daro.

Surajo ya yi sawu na uku, ya sauke mutane a bakin kwalta. Na duba fuskoki. Babu Dattijo, babu Marka.

"Ina suke?" Ɗanjummai ya cafki wuyan rigarsa.

"Wallahi na jira. Ya ce in tafi, motar ta cika, zai turo ta a baro."

Bai rufe baki ba muka ji harbin farko. Azahar ma ba ta yi ba. Sai na biyu, sai ya zama kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Hayaƙi ya tashi ta wajen garinmu, fari da farko, can ya koma baƙi, muka san rumbuna ne. Maza huɗu suka danne Ɗanjummai a ƙasa, yana ta fizga.

Bayan kamar rabin awa sai ga babur ya ɓullo daga cikin dawa yana tangal-tangal. Sahabi ne ke tuƙi, Marka a tsakiya kamar ƙullin kaya, Dattijo a baya ya rungume su duka biyu. Wandonsa na hagu ya jiƙe da jini har takalmi.

"Mutum nawa?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Ɗari da sittin da ɗaya," na ce.

"Da mu biyu, da sittin da uku. Sun cika." Sai ya sulale.

A wata makarantar firamare a Batsari aka sauke mu, aji uku, mata biyu maza ɗaya. Dattijo kuma aka kwantar da shi asibiti, aka cire harsashi daga cinyarsa. Marka ce ta ba mu labari da yamma tana zaune a kan bencin yara, tana taunar goro da dasashi.

"Ni na ce ba ni tahiya. Sai ya durƙusa ya ce, Yaya, in kin zauna na zauna, su same mu tare. Na ce kai da Allahnka, mi ya haɗa ka da ni? Ya ce shi ya aiko ni. Ya ɗauke ni kamar buhu ya sa a baro. Ni Marka, a baro, kamar taki." Ta tofar da goro. "Mun kai rafi suka hango mu. Ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba da turi. Sai ga Bafulatanin nan."

"Shi ba su harbe shi ba?" in ji Sadisu, abokin Ɗanjummai, wanda rumbunansa uku suka ƙone.

"Ni ina na sani? Ido na rufe."

Daga wannan tambayar komai ya lalace. Ranar Laraba wasu suka koma suka dubo gari, suka dawo da labari. Rumbuna toka, majami'a ba rufi, buhunan gyaɗar ko ɗaya ba a bari ba. Kafin la'asar maganar ta zagaya aji uku: yaya aka yi Sahabi ya san suna tafe? Yaya ya shiga tsakiyarsu ya fito ko ƙwarzane babu? Me ya sa rugarsu na nan lafiya? Kalma ɗaya ce a bakin kowa, infoma.

Ranar Alhamis da sassafe Blessing ta same ni a bakin famfo. Ta ja ni bayan aji.

"Baba Lami, yau maigidana da samari za su je. Su goma sha biyu. Sun ce yau kasuwa, mazan ruga duk suna cikin gari, za su sa wa rugar wuta. Sun ɓoye bindigogi cikin buhu a bayan ajin maza. Da hantsi za su fita."

"Mata da yara ne fa a rugar."

"Na faɗa masa. Ya ce mu ma da mata da yara aka ƙone mu."

Na bar bokitina a nan, na tari ɗan acaba zuwa asibiti. Na tarar da Surajo a bakin ƙofa, motarsa a shirye da katifa a baya. Likita ya ce ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, a kai shi Katsina yanzu-yanzu, kada a wuce safiyar nan.

Dattijo na kwance, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Na tsaya ina juya bakin zanina. Na san in na faɗa masa ba zai tafi Katsina ba. Na kuma san in ban faɗa ba, kafin azahar akwai gawa a bayan rafi.

"Lami, tun kina amarya in kina da magana sai kin murɗe zani. Mene ne?"

Na faɗa masa.

Ya dubi silin. "Daron nan, an ce kin fito da shi."

"Yana makaranta."

"To. Surajo, makaranta za mu fara biyawa."

Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, awa ɗaya ma tana da muhimmanci a wannan ƙafar. Ina gaya maka gaskiya."

"Na gode, 'yata. Kin yi aikinki. Bari in je in yi nawa."

Mun iso suna fitowa. Su goma sha biyu, buhu biyu a kafaɗa, babura huɗu na haya a bakin ƙofar makaranta. Surajo ya gicciya motar a ƙofar, ya kashe. Aka sauko da Dattijo a kan kujerar malami, aka ajiye shi a inuwar aji.

"Ina kwananku, samari. Kasuwa za ku?"

Suka dubi juna.

"Ba zan hana ku ba, ƙafa ɗaya gare ni. Amma yau Alhamis. Ba na jin zan ga Ista mai zuwa, kuma ba na son in tafi ban yi aikina ba. Lami, ɗebo ruwa."

"Dattijo, ba lokacin wannan ba ne," in ji Sadisu.

"Kai ne na farko ma. Zauna. Ko ƙafar taka ce ba ta nunuwa? Na san kaushinta tun kana satar mangwaro."

Wani ya yi 'yar dariya, ya haɗiye. Mata sun fito daga azuzuwa sun yi da'ira. A gaban uwarsa da matarsa, Sadisu bai iya ƙi ba. Ya zauna a kan benci, ya ajiye buhun a gefe, ƙarfe ya yi ƙara a ciki.

Dattijo ya ce a sauke shi ƙasa. Muka ce ya yi daga kujera, ya ce daga sama ba a wanke ƙafa. Sai da mutum biyu suka kama shi, ya zauna a ƙasa, ƙafar ciwon a miƙe, zufa na tsiyaya daga gemunsa. Ya ɗaura tawul a ƙugu yadda ya saba. Ni aikina kullum shi ne jan daro daga mutum zuwa mutum.

Ya kama ƙafar Sadisu ya sa a ruwa, yana cuɗawa a hankali, har tsakanin yatsu.

"Rumbu uku, ko? Na sani. Ni na taya ubanka gina na tsakiya." Ya goge da tawul. "Na gaba."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi wa'azi ba. Kowa dai sai ya kira sunansa, ya tambayi matarsa ko uwarsa, ya faɗi abin da ya rasa. Ruwan ya yi ja da ƙasa, na zubar na sake, na sake zubarwa. Wajen na bakwai bandejin cinyarsa ya fara jiƙewa. Surajo na ta duban agogon wayarsa.

Ɗanjummai na ƙarshen benci, ya harɗe hannu, yana duban katanga. Ya san yadda ake yi. Shekara ashirin da biyu, in daro ya iso kansa sai in ɗaga in tsallake, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Da aka gama na goma sha ɗaya, na kama bakin daron zan ɗauke.

"Ajiye, Lami."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ajiye a gabansa." Ya ja jiki da hannu biyu, yana jan ƙafar a ƙasa, har ya iso. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar ɗansa. "Ɗanjummai."

Wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi. Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, ko a bayan ido.

"Yau ga abin kunya," in ji Marka daga bakin aji. "Ashe ka san sunan."

"Ni na raɗa shi, Yaya." Bai ɗauke ido ba. "Ɗanjummai, miƙo ƙafarka."

Ɗanjummai ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin benci. Ya juyo wajena. "Baba Lami, faɗa wa Dattijo..."

"Lami ta gaji. Faɗa mini."

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce. "Sun ƙone mu, Baba. Sun harbe ka. In ba mu yi komai ba, wa zai ƙara jin tsoronmu? Mutanen nan ni suke duba. Me zan ce musu, mu zauna a ajin yara muna jiran a kawo mana shinkafa?"

"Miƙo tukuna."

Ya miƙo ta dama. Dattijo ya cire masa takalmin roba, ya riƙe ƙafar da hannu biyu, yana jujjuya ta kamar wani abu da aka ba shi ajiya. Akwai tsohon tabo daga ɗan yatsa har idon sawu.

"Wannan fa?"

"Fartanya. Ina shekara tara."

"Ban sani ba." Ya shafa tabon da babban yatsa. "Na san ƙafar kowa a garin nan. Na san mai kaushi, na san mai yatsa shida. Taka ce kaɗai ban sani ba. Ubangijinmu da ya durƙusa da tawul bai tsallake kowa ba, har wanda ya san zai bashe shi ya wanke wa. Ni na tsallake ɗana shekara ashirin da biyu don kada a ce ba ni da kunya. Daga nesa kake kallona, ka ga ana tashi in na shigo, ka ɗauka shi ne shugabanci. Laifina ne. Ka gafarta mini."

Ya zuba ruwa. Ɗanjummai ya kau da kai, amma kafaɗunsa sun fara motsi.

"Goma sha ɗayan nan ba rugar suke bi ba, kai suke bi. In ka zauna sun zauna. Yanzu bari in faɗa maka abin da Sahabi ya roƙe ni in rufe. Ɗan ƙanensa na cikin mutanen dajin. Shi ya kira shi a waya ya ce ya kwashe shanunsa daga hanya. Sahabi bai kwashe shanu ba, wajenmu ya zo. A bakin rafi yaron ne ya ɗaga hannu aka daina harbi, shi ya sa muka fito. Yanzu duk sun san wanda ya tona su. Kuna tsammanin don suna ƙaunarsa suka bar rugar? Sun bar ta ne sai sun dawo."

Sadisu ya sunkuyar da kai.

"Ku in kun je, kun rage musu aiki ne kawai." Ya kama ƙafar hagu. "Mata goma sha huɗu ne a can, da yara ban san adadinsu ba. Ba su da Surajo, ba su da ƙarfen bugawa."

Ya gama, ya goge ƙafafun biyu, ya kwance tawul ɗin daga ƙugunsa. Ya ɗora shi a kan gwiwar ɗansa. Hannunsa ya zame, kansa ya tafi baya. Ɗanjummai ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Ya ɗauke shi cak, kamar yaro, ya nufi mota.

"Surajo, Katsina."

Dattijo ya buɗe ido. "Motar guda ce."

Ɗanjummai ya tsaya cik da ubansa a hannu. Na ga yana duban hanyar Katsina, ya dubi hanyar Ruma. Ni dai na ji kamar in yi ihu in ce ku tafi da shi, rugar ta jira.

"Sadisu," ya ce a ƙarshe, "ku kai buhunan nan ɗakin hedimasta a kulle. Ka ruga tasha ka samo mota ko wace iri ce, ku wuce da Baba, kai da Baba Lami. Surajo, sauke katifar. Ni da kai za mu ruga."

"Da bindiga ko babu?" in ji Surajo.

"Babu. In sun gan mu da bindiga, gudu za su yi."

Ranar kasuwa ce, motocin Katsina duk sun cika sun tafi. Sai bayan azahar Sadisu ya samo wata bas. Kafin nan Surajo ya yi sawu biyu. Matan ruga suka sauko da ƙorai da tabarmi, suka tsaya a tsakar makaranta suna rarraba ido. Matanmu ma suka tsaya suna kallonsu. Marka ce ta fara matsawa a kan bencinta, ta ce da wata tsohuwa, "Zauna mana, ko sai an kawo miki baro?"

Ɗanjummai ya same mu a Katsina da la'asar, tawul ɗin na rataye a wuyansa, ya manta da shi. Likitoci sun yi abin da za su iya. Sun ce dafin ciwon ya riga ya shiga jini. Na tambayi ɗaya ko da mun zo da safe da ya tashi. Ya ce wannan Allah kaɗai ya sani, amma bai dube ni ba da yake faɗa.

Da safiyar Juma'a Dattijo ya farka sarai, ya nemi kunu. Ya sha cokali biyu.

"Mutum nawa?"

"Ɗari biyu da huɗu," in ji Ɗanjummai. "Sahabi ne na ƙarshe, sai da ya kora shanu wajen Safana."

"Kai fa?"

"Bayansa na fito."

Dattijo ya yi murmushi. Ya kira sunan ɗansa sau ɗaya, ba don yana son komai ba, ya sake kira. Ɗanjummai na amsawa, "Na'am, Baba. Na'am." Ana cikin haka ya daina kira. Ni na rufe masa ido, ɗansa ya riƙe ƙafafunsa.

A Batsari muka binne shi ranar Asabar, don ba halin komawa gida. Fasto ya yi addu'a, zumuntar mata muka yi waƙa. Sahabi bai shiga cikin sujada ba, amma shi ya karɓi diga tun safe, kuma bai ba kowa ba har kabarin ya kai. Marka ta zuba ƙasa da hannunta, ta ce, "Ka riga ni, marar kunya." Sai a nan ta yi kuka.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina shanya a jikin tagar aji sai na ji babur ya tsaya a ƙofar makaranta. Mutum ɗaya ne, siriri, da doguwar riga baƙa, rawani ya rufe masa rabin fuska. Ba mu san shi ba. Matan ruga kuwa suna ganinsa suka janye yaransu cikin aji. Ya shigo tsakar fili a hankali, waya a hannunsa, ƙafafunsa sun yi jawur da ƙasar daji har ƙauri.

"An aiko ni," ya ce. "Akwai mutuminmu a wajenku, ana son a yi magana a kansa. Wane ne shugabanku yanzu?"

Kowa ya gane Sahabi yake nufi. Shugaba kuwa ba a zaɓi kowa ba tukuna, fasto ya ce sai bayan sati biyu. Amma na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya wajen famfo, inda Ɗanjummai ke tsugune yana taya wata tsohuwar ruga cika tulu.

Ya miƙe ya goge hannu a wando. Ya dubi baƙon, ya dubi ƙafafunsa. Ya jawo bencin yara ya ajiye a inuwa.

"Sannu da hanya. Zauna tukuna." Ya juyo wajena. "Baba Lami, ina daron?"

Na kawo, ruwan na fantsalowa a zanina. Na ajiye a gaban bencin. Baƙon bai zauna ba, bai kuma tafi ba. Wayar ta fara ƙara a hannunsa. Ɗanjummai ya durƙusa, ya ɗaura tawul, yana jira, ruwan daron na ta kaɗawa har ya kwanta.